Kwana 17: Yadda Muke Ƙyanƙyasar Ƙwan Salwa a Gidan Haya

Mu mutanen Sabo mun daɗe muna hulɗa da dabbar da ba mu muka kiwata ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, kakanninmu ke karɓar shanu daga Arewa su danƙa wa mahautan Ibadan, su ɗaure goro su tura gida. Har yau ba a canja zani ba. Sa ya sauka a kara, rago ya iso gab da Babbar Sallah, mu shiga tsakani, mu karɓi la'ada, dabba ta wuce. Amma kiwon kansa, irin wanda iyayenmu suka baro a Kano da Katsina da Sakkwato, inda kowace mace take da akuyarta da kajinta a bayan ɗaki, zaman nan bai bar mana wurinsa ba. Ɗaki ɗaya, baranda kamar faɗin tabarma, tsakar gida kuma ta kowa da kowa. Ka ɗaure akuya, kafin magariba an kai ƙararka wurin mai gida. Ka saki kaza, in ba ta faɗa kwata ba, mota ta take ta.

Abin haushin ma, garin da muke zaune cibiyar kaji ne. Daga Ibadan ake lodin 'yan tsaki a kwalaye ana kai su har garuruwanmu na asali. Mu sai dai dako da kallo.

Wannan ne ya kai mu ga salwa, mu mutanen gidanmu, magidanta huɗu da iyalanmu da wata tsohuwa da duk gidan ke kira Goggo. Tsuntsuwa ce da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ba ta cara ta tashi maƙwabta kamar zakara, ba ta yawo, keji ɗaya mai hawa uku a jikin bango ya ishe ta. Sunanta ba baƙo ba ne a kunnenmu, don an ambaci salwa a Suratul Baƙara da A'araf da Ɗaha. Sai dai wadda ake kiwo yanzu 'yar Japan ce, can aka mayar da ita ta gida, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce ta shigo da ita Nijeriya a 1992.

Da yawanku za ku tuna hayaniyar da aka yi wajen 2013. Babu cutar da ba a ce ƙwan salwa yana warkarwa ba: hawan jini, ciwon suga, asma, har da abin da ba a faɗa a gaban yara. Mutane suka zuba jari, wasu da kuɗin adashi, wasu da bashi. Ba a jima ba ƙwai ya yi yawa, masu saye suka ga ciwonsu na nan daram, kasuwa ta faɗi. Akwai gidajen da har yau kejin da aka yi a lokacin yake jingine, an mayar da shi ma'ajiyar tukwane. Shi ya sa in ka ambaci salwa a majalisa, wani sai ya yi tsaki.

Abin da muka lura shi ne, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu bayan guguwar nan su ne masu ƙyanƙyasa da kansu. Dalili a fili yake. Salwa tana fara ƙwai tana da sati 6 zuwa 7, kuma mai ƙoshi takan yi 250 ko fiye a shekara. Amma in ta zagayo shekara, ƙwan sai ya fara ja baya. Wanda bai iya fitar da sabbi ba, duk shekara sai ya koma ya sayi manya da tsada daga hannun wani. Shi ma ɗan tsakani ne ke nan, kamar a kara. Wanda ya iya ƙyanƙyasa kuwa, garken nasa ne.

To amma akwai matsala guda: salwar keji ba ta kwanci. Ta saki ƙwai ta yi gaba, ko waiwaye babu. Goggo da ta ji haka sai ta ce, “Yo ai halin zabuwa ne. A garinmu kaza muke sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai.” Gaskiyarta. Sai dai ƙwan zabi ɓawonsa kamar dutse, na salwa kuwa giram 10 ne ko ɗan fiye, ɓawo siriri. Babbar kaza tana juyawa ta fasa shi, in ma ya fito ta danne ɗan. Kuma ina kazar, ina wurin da za ta kwanta? Saboda haka dole inji ya zama uwa, mu kuma mu zama masu raino.

Mun haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, irin mai fanka a ciki, wanda ke aiki da wutar gida kuma yana karɓar batir. Wasu suna haɗa nasu da kwalin soso na ƙanƙara, da ƙwan fitila irin na da mai zafi, da ɗan na'urar da ke kashe wuta in zafi ya kai. Shi ma yana yi, in an samu mai hankali ya haɗa. Ko wanne ne, kafin a sa ƙwai sai a kunna shi kwana guda babu komai a ciki, a ajiye ma'aunin zafin jiki irin na kemis a daidai inda ƙwai zai zauna, a gani ko abin da injin ke nunawa gaskiya ne. Inji ma yana ƙarya.

Zaɓen ƙwai shi ne rabin aikin. Wanda ake sayarwa a roba a bakin titi don ci, yawanci daga kejin da babu namiji ya fito, ko shekara zai yi a inji ba abin da zai fito. Sai an samo daga inda aka haɗa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. Muna ɗaukar matsakaici, mai ɓawo lafiyayye, ba tsaga, ba kashi a jiki. Ba ma wanke shi, don akwai wani ɗan shafi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayar cuta, ruwa kuwa yana tafiya da shi. In ana tarawa, a jera shi tsinin yana kallon ƙasa, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar gindin randa, amma ban da firji. Masana sun ce kada ya wuce kwana 7. Mu da zafin garin nan, ba ma bari ya wuce 4 ko 5.

A nan ne ake gwada zuciya. Ƙwai na taruwa a faranti, yara na leƙe, kuɗin cefane ya yi ƙasa. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ranar da babu, karin maganar nan takan yi nauyi. Dokar gidanmu ita ce, satin da ake tara na inji, ba mai taɓa na inji, ko mai gida ne.

Daga ranar da aka rufe murfi, abu uku ake tsaro: zafi, juyi da danshi.

Zafi digiri 37.5 ne a injin da ke da fanka. In ya ɗan sauka, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri. In ya haura ya daɗe wajen 40, an dafa su ke nan. Don haka ba ma ajiye inji inda rana ke shigowa ta taga, ko kusa da murhu.

Juyi kuma don kada ɗan da ke ciki ya manne a gefe guda ne. Kaza da ƙafa da baki take yi, mu da hannu. Mukan sa alama da fensir a gefe biyu na kowane ƙwai don a san wanda aka juya. Ana so a yi aƙalla sau uku a yini, kuma adadin ya zama mara, wato uku ko biyar, don kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. Ba mu sha wahalar neman agogo ba. Asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha: ana sallame salla, mai aikin ranar ya wanke hannu, ya goge, ya juya, ya rufe da sauri. Haka za a yi har kwana 14. Daga nan an gama juyi.

Danshi shi ne inda zaman Kudu ya raba mu da shawarar gida. Ƙwai yana numfashi, yana kuma rage ruwan cikinsa a hankali. Yayin da ruwan ke raguwa, wani ɗan fili na iska yana buɗewa a ɓangarensa mai faɗi, kuma a nan tsakon ke fara zura baki ya shaƙi iska kafin ya fasa ɓawo. In danshi ya yi yawa, filin ba ya girma, tsako ya kai lokacin fita ya tarar da ruwa. Ana so danshi ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 14 na farko, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwanakin ƙarshe don fatar cikin ɓawo ta yi laushi. Ɗan uwanka a Gusau ko Azare zai ce maka ka cika tiren ruwa fal, kuma a wurinsa daidai ne, don iskarsu busasshiya ce. A nan kuwa, cikin damina, tufa ma kwana biyu take a igiya ba ta bushe ba. Wani gida a layinmu sun bi shawarar waya daga gida a watan Yuli. Da aka fasa ƙwan da ya ƙi fita, 'yan tsakin sun cika halitta, har da gashi, amma babu mai rai. Mu da damina ruwa kaɗan muke sawa, wani lokaci ba ma sawa sam sai kwana na 15. Da hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, sai mu koma irin na gida. Ɗan ma'aunin danshi ba shi da tsada, kuma ya fi jita-jita.

Wajen kwana na 8 zuwa 10 mukan haska ƙwan da tocila cikin duhu. Na salwa yana da wuyar gani saboda ɗigo-ɗigon jikinsa, amma in ka saba za ka gane. Mai rai yana nuna jijiyoyi da duhu a ciki, wanda babu komai kuwa haske ke ratsa shi tas. Irin wannan sai a cire, kada ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da maganar wuta. Kwana 17 ba tare da yankewa ba, a garin nan! Kowa ya san amsar. Ƙwan da aka fara ɗumamawa ba kaya ba ne da za ka ajiye ka ce sai gobe. Abin da ya cece mu shi ne sanin cewa sanyi na 'yan awoyi ba ya kashe shi nan take, musamman da yake ɗakunanmu ba sanyi gare su ba. Abin da ke kashewa shi ne a kwana a yini a haka, ko a ruɗe a yi ta buɗe murfi ana dubawa. Da an ɗauke wuta, sai mu jona batir. In batir ya yi ƙasa, a lulluɓe inji da bargo a bar ƙofar iska, a tafasa ruwa a zuba a gora, a naɗe da tsumma a jingina a ciki ba tare da ta taɓa ƙwai ba, ma'auni yana gefe ana dubawa.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Maza suna kasuwa da rana, saboda haka yini na mata ne. Dare kuma muka raba shi tsakanin magidanta, kowa da darensa, in fanka ta tsaya shi zai tashi. Akwai lokacin da wuta ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, ƙwai yana kwana na 11. Batir ya mutu a dare na biyu. Maƙwabcinmu tela, Bayarabe, yana da janareta da yake tayarwa don ɗinki. Babban cikinmu ya je ya gaishe shi ya ce, “Baba, muna da marasa lafiya a kwali, a taimaka mana da waya ɗaya.” Da ya zo ya ga marasa lafiyar, dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ce a jawo. Mu muka riƙa sayen lita ɗaya a kan nasa, shi ya riƙa caja mana batir. Da aka ƙyanƙyashe muka kai masa guda shida. Yanzu matarsa tana da kejinta, kuma a injinmu take sa ƙwanta.

Daren kwana na 16 zuwa na 17 ba a barci sosai a gidanmu. Da farko sai ka ji ɗan kuka siriri daga cikin ɓawo, tun ba a ga komai ba. Sai wani ɗan tsagi ya bayyana. Daga nan tsakon yakan huta na awoyi, sannan ya bi ɓawon yana sara a zagaye har murfin ya ɓalle, ya faɗo jiƙe sharkaf, kamar ba zai yi rai ba. Bayan awa biyu sai ka gan shi ya bushe, ya yi gashi mai zane, bai fi babban yatsa ba, yana tsere a kan 'yan uwansa. Salwa suna da wata al'ada, sukan fito kusan tare, kamar an buga musu ƙararrawa.

A wannan rana aikinmu ɗaya ne: hana hannu. Duk buɗe murfi yana fitar da danshi, fatar ciki ta bushe ta naɗe waɗanda ba su fito ba. Kuma ba a ɓare wa tsako ɓawo don tausayi, domin jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, kana ɓarewa sai jini. Goggo ce ke zama a kan kujera gaban inji da carbinta, yara sun yi layi. “Goggo, don Allah sau ɗaya.” Ita kuwa amsarta ɗaya: “Ku duba ta gilashi, ido ba ya fasa ƙwai.” Waɗanda suka fito za su iya zama a ciki har kwana guda su bushe, don gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su. Mukan ƙara wa masu nawa kwana ɗaya ko biyu. In cikin kowane ƙwai 10 an samu 7 ko 8, an yi nasara, a gode wa Allah. Ba a taɓa samun duka.

Satin farko shi ne na biyu a haɗari. Tsakon salwa giram 6 ko 7 ne, abin da ba zai kashe ɗan kaza ba yana kashe shi. Ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba yana nutsar da shi, don haka a murfin roba muke ba su, mu cika shi da tsakuwa wankakkiya, su sha ta tsakanin duwatsu. Ba a shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi yana raba musu ƙafa su tashi a gurgunce. Tsohon tawul ko buhun algarara ya fi. Ɗumi digiri 35 ne a satin farko, ana ragewa da kamar 3 duk sati, zuwa sati uku sun yi gashi sun daina bukata. Ko babu ma'auni su da kansu za su gaya maka: in sun cure a ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi ne, in sun gudu gefe suna haki, zafi ne, in sun bazu suna ci, daidai ne. Wanda zai yi amfani da fitilar kananzir ko gawayi ya bar iska tana shiga, ya kuma tuna gidan haya ne, ba rayukan tsuntsaye kaɗai ke ciki ba.

Abincinsu yana son sinadarin gina jiki fiye da na kaza. Abincin farko na kajin nama muke saye, mu niƙa shi ya yi laushi, mu ɗan ƙara garin busasshen kifi. Dusa da tsaki kaɗai ba sa raya su. Sai kuma maƙiya: ɓera, gafiya, mage, da kwarkwasa wadda in ta shigo da dare a damina ba ta barin komai. Ƙafafun kejinmu a cikin gwangwanaye suke, da baƙin mai a ciki. Ragar kuma mai ƙananan ido ce, don tsakon salwa yana bi ta ramin da ba ka zata ba. Rufin keji a yi shi ƙasa-ƙasa ko a sa masa abu mai laushi, saboda in sun firgita sama suke zabura su fasa kai.

Daga sati uku ake fara gane jinsi a irin masu launin ƙasa: mace ƙirjinta da ɗigo-ɗigo, namiji nasa ja-ja ne babu ɗigo. In sun balaga, namiji yana fitar da wani farin kumfa in an ɗan matsa ƙarƙashin wutsiyarsa. Kusan rabi maza ne, kuma in sun yi yawa faɗa suke, su fige wa mata kai. Sai mu ware na iri, sauran a yanka. Mai tsiren bakin layi yana karɓa, wani lokaci kuma tukunyar gida ce ke ci. Mazan iri kuwa ba ma barin su su yi ta bin 'ya'yansu da 'yan uwansu, don salwa ba ta jure wannan, ƙyanƙyasa sai ta ragu, 'ya'ya su fito raunana. Duk zagaye mukan yi musayar maza da wani gida a Ojoo ko Shasha, ko da matar Baba tela in nata daga wani wuri suka fito.

Me muka samu? Ba mu yi kuɗi ba, kuma duk wanda ya ce muku salwa za ta gina muku gida, ku riƙe aljihunku. Babba ɗaya tana cin giram 20 zuwa 25 a rana, wato guda 40 sun tashi da kilo guda, ga abinci kullum tsada yake ƙarawa. Ƙwanta biyar ne ke daidai da na kaza ɗaya. Kuma abinci ne, ba magani ba. Mai hawan jini ko suga ya ci in yana so, amma kada ya ajiye maganin asibiti. Abin da muka samu shi ne, yaranmu suna tafiya makaranta da dafaffen ƙwai a ciki, ba shayi da burodi kaɗai ba. Matanmu da ba sa fita suna da abin da suke sayarwa daga ɗaki, kuɗin kuma nasu ne. Kashin ma masu lambu suna zuwa su kwasa. Shara kuwa kullum ce, safe da yamma, domin wari ɗaya ya isa mai gida ya ce a fitar da keji. In kuma aka ga suna mutuwa da yawa a lokaci guda, ba a yanka a ci, ba a sayar, likitan dabbobi ake kira, don murar tsuntsaye ba ta bar salwa ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Yaranmu a Sabo aka haife su, Yarabancinsu ya fi namu, wasunsu ba su taɓa ganin kaza a kan ƙwai ba. Yanzu yarinya 'yar shekara tara ta san ranar da ake daina juyi, ta san kukan sanyi da na yunwa. In sun je gida hutu, ba sa tsayawa kamar baƙi in ana maganar kiwo.

Ga wanda yake da niyya, shawararmu ita ce kada ya fara shi kaɗai, kuma kada ya fara da yawa. Ya nemi maƙwabta biyu ko uku da za su iya tashi da dare, ya nemi izinin mai gida tun kafin ya sayi komai, ya tanadi batir kafin ya tanadi ƙwai. Ya fara da 30 ko 40, ya rubuta ranar da ya sa a jikin bango. Wanda kuma yake da ƙwai amma ba shi da inji, a tambayi gidan masu salwa, duk yaran layi sun san shi. Inji yana da fili, sai dai mai ƙwai zai karɓi darensa na tsaro kamar kowa. Allah ya sa wa nema albarka, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.